Wayoyin Injiniya a Wuyan Jita

In ana neman mutumin da Allah ya ba baki ya hana shi hannu, a zo gidanmu a duba kan doguwar kujerar falo. Nan yayana yake kwana, nan yake cin abinci, nan kuma yake gyara duniya da fatar baki. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, wai don ya taɓa aiki da masu jan wayar lantarki a kan turaku. Aikinsa a can riƙe tsani ne. Amma in yana ba da labari, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro wutar.

Tun da ya tare mana da sunan "kafin in samu wuri", babu abin da ya tsira a ɗakin nan. Ya gyara fanka, ta koma juyawa da baya. Ya gyara dutsen gugana, yanzu mariƙin ne ke zafi, gindin kuwa sanyi ƙalau. Maigidana direban bas ne, mai haƙuri har abin ya yi yawa. Duk ɓarnar da aka yi sai ya ce, "Yayanki ne, a bar shi."

Abu ɗaya ne maigidana bai yarda a haɗa shi da kowa ba, wato jitarsa. Tsohuwa ce, mai tsirkiyar roba, mai sanyin murya. Ya daɗe yana koyo a kanta har hannunsa ya faɗa, bayansa kuma ya gaji da kujerar mota. Da ƙyar ya samu shugaban makaɗan wani otal ya yarda zai saurare shi ranar Asabar, da sharaɗin kowa ya zo da abin kiɗansa. In ya ci gwajin, ya rabu da titi ke nan. Sai ya sayo sababbin tsirkiyoyi irin nata, ya ɗora su a kan jitar bisa durowa, ya ce in ya dawo daga wannan lodin zai sa su da kansa. Da zai fita har ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Kada kowa ya taɓa mini ita." Kowan nan kuwa yana kwance a kan kujera, ya rufe ido, kunne a buɗe.

Ina shagon ɗinkina da ke bakin ƙofar gida na ji ana ta shewa a tsakar gida. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakiya. Na leƙa, sai ga Yaya tsugune a bakin famfo, ya naɗe ƙafar wando, jita a kwance a gabansa tsirara. Ya riga ya datse tsirkiyoyin duka da filaya. Yana ta dirzar katakon wuyanta, inda ake danna yatsu, da soson ƙarfen wanke tukunya da garin sabulu.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, me nake gani haka?"

"Sabis," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Dubi dattin da ke fita, Auta. Mijinki ya mai da wuyan nan bola. Ta yaya sauti zai wuce ta cikin dauɗa?"

Dattin da yake faɗa, rabinsa launin katakon ne ke bin ruwa. Maƙwabciyarmu Nas, mai aikin asibiti, ta fito da bokiti, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ita kuwa bakinta ya fi allurarta zafi.

"Ikon Allah! Injiniya, rasuwa aka yi ne ake wanka?"

"Ke je ki auna zazzaɓi. Wannan aikin masu ilimin waya ne."

"To Allah ya jiƙanta. Da muryarta mai daɗi."

Na kai hannu zan ƙwace jitar, ya daka mini tsawa, wai tun ina cikin zanen goyo ya san waya. Na tambaye shi ina sababbin tsirkiyoyin da maigida ya ajiye. Ya yi tsaki, ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya kaɗa mini a fuska.

"Wancan zaren kamun kifin? Na mai da su shagon da ya sayo su, na musanyo da na maza. Ƙarfe ne zalla, mafi kauri a shagon. Mai shagon yana ta surutu wai wannan jitar ba ta ɗaukar ƙarfe, wai katakonta ba zai jure ja ba. Na ce malam, kai sayarwa ka sani, ni ja na sani. Ko a turke, siririyar waya ƙwan fitila ɗaya take ɗauka. Mai kauri ita ke ɗaukar unguwa. In na gama, mijinki ko lasifika ba zai nema ba. Zai taɓa a otal, ku ji a nan."

Na yi niyyar kiran maigidana, na fasa. Mutumin da ke riƙe da sitiyari da rayukan mutane a bayansa ba a gaya masa irin wannan labari. Na koma shago raina a ɓace, na ɗinka hannun riga a wuya sai da na farke.

Da rana ta take, Yaya ya ɗora jitar a kan kwanon rufin banɗaki wai ta sha iska. Ta sha kuwa. Da ya sauko da ita, katakon wuyan ya yi fari fat ya bushe kamar ƙafar da ba ta san mai ba, 'yan ƙarafunan da aka gitta a kansa sun fara ɗaga baki. Mai aski, wanda ɗakinsa ke kallon namu, ya zo ya duƙa yana dubawa. Shi ba ya son a zauna lafiya, in ya ga wuta fetur yake nema.

"Injiniya, kamar tana jin ƙishi."

"Ka gane ke nan! Katako mai yake so. Auta, ina man girkinki?"

Maigidana in zai shafa wa wuyan nan mai, ɗigo kaɗan yake sawa a tsumma, na wata 'yar kwalba da yake ɓoyewa, ya goge ya sake gogewa. Yaya kuwa tuttula mata ya yi daga galan, tun daga kai har ciki. Ya jingine ta a bango ya ce a bar ta ta jiƙa. Man ya bi ta ramin cikinta, ya zubo ta ƙasa, ya malale a siminti. Nas ta fito da sauri za ta tafi aiki, ta taka, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Da ba ta cafki igiyar shanya ba da sai dai a kai ta inda za ta a kwance.

"Wallahi Injiniya, in na karye a gadon bayanka zan yi jinya!"

"Takalminki ne ba shi da inganci," in ji shi.

Washegari jitar ta yi baƙi. Na matsa kusa, ashe kiyashi ne, sun yi layi daga gindin bango har cikin cikinta, wasu na shiga wasu na fita kamar an buɗe kasuwa. Yaya ya ce wannan alama ce mai kyau, wai ƙwaro ba ya bin abin banza. Ya ɗauko maganin sauro na fesawa ya zazzage mata rabin gwangwani a ciki. Duk gidan aka hau tari. Da ya zo ɗaukarta ta suɓuce masa saboda santsi, ta daki siminti ta yi wani kuka, ni ma na yi. Mai aski ya ruga ya kawo hodar da yake shafa wa mutane a ƙeya, suka barbaɗe ta da ita wai ta tsotse man. Hoda ta haɗu da mai ta zama ƙullu.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka tsaya haka. Ka mai da wayoyin nan, ka karɓo nata, mu goge ta mu rufa wa kanmu asiri. Aikin bawan Allahn nan ne a kan jitar nan."

"Shi ya sa nake wahala, Auta. Kina so ya je gaban manya da muryar sauro? Ni fa taimakonsa nake yi. Wani zai biya a yi masa wannan."

Daga nan aka shiga sa waya. A can saman wuyan jita akwai ɗan farin ƙashi mai tsaga shida, kowace tsirkiya da inda take kwanciya. Wayoyin Yaya suka ƙi zama yadda yake so. Ya ɗauko tsinken zarton yankan ƙarfe ya hau faɗaɗa tsagogin, har biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Ya ce ba komai, 'yan'uwa ne, su kwana ɗaki ɗaya. A ƙasa kuma, a jikin ɗan katakon da ke manne a cikin jitar inda ake ɗaure tsirkiya, wanda makaɗa ke kira jaki, ramukan ma sai da ya bi su da ƙusa. Ya zura wayoyin, ya murɗe bakinsu irin ɗaurin masu lantarki, ya naɗe da baƙin salatif.

Sai murɗa kunnuwan jitar, waɗanda ake ɗame waya da su. Ya murɗa da hannu har yatsunsa suka yi ja, kunnuwan suka ƙi gaba. Ya kawo filaya. Jitar ta fara ƙara, ƙiƙ, ƙiƙ, irin ta tsohon gado.

"Ka ji tana magana," in ji mai aski.

"Miƙa take yi. Ta daɗe tana barci."

"Ƙara mata, Injiniya, kada ta raina ka!"

Ya ƙara mata. Kafin la'asar wuyan jitar ya lanƙwaso gaba, wayoyin suka tashi sama suka bar katako, har sai da Nas ta zura tafin hannunta a tsakani ta fitar ba ta taɓa komai ba.

"To yanzu da me za a danna wannan? Da diddige?"

"Jahilci dai ba kyau," in ji Yaya. "Kin taɓa ganin babbar waya tana jan ƙasa? Ai sama take tafiya."

Amma na ga ya ɗan sha jinin jikinsa, domin da aka watse ya jawo jitar falo, ya kifa ta tsakanin kujeru biyu, ya ɗora mata tukunyar gas ɗina a gadon wuya wai ta miƙe. Ranar ko ruwan zafi ban dafa ba. Ya zauna gefe yana gadi yana kaɗa ƙafa, duk wanda ya gitta sai ya ce masa a yi a hankali, ana aiki.

Ranar Asabar da safe na neme shi na rasa. Na yi hamdala, na ce ko kunya ce ta kore shi. Ashe otal ya tafi. Ya sa rigar maigidana ta fita, ya je ya samu shugaban makaɗa, ya gabatar da kansa a matsayin injiniyan sauti na gidan su direba. Ya ce masa kada ya wahalar da kansa da jiran yamma, ya zo gida da kansa ya ga abin da bai taɓa gani ba, jitar da ba ta buƙatar lasifika. Mutumin ma da alama son kallo ne da shi, ya biyo shi.

Kafin su iso mai aski ya gama shela. An fito da benci da kujerun roba, matan gida sun bar wanki, har masu shagunan maƙwabta sun leƙo. Yaya ya shimfiɗa zanen gadona a kan tebur a tsakar gida, ya kwantar da jitar ya lulluɓe ta da labule. Shugaban makaɗa, wani dattijo mai furfura a gemu da tabarau, ya zauna a gaba yana duba agogo. Ana cikin haka maigidana ya shigo, jaka a kafaɗa, idanu jajur don gajiyar hanya. Ya ga taro, ya ga shugaban makaɗa, ya ga rigarsa a jikin Yaya. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Yawwa, ga mai kayan ya iso!" in ji Yaya. "Zauna, Direba, yau za ka san kana da suruki. Jama'a, shekara da shekaru ana zaluntar jitar nan da zaren roba. Ni da na ja waya ta haye kogi, na ce ba a gabana ba."

"Tsani dai ka riƙe," in ji Nas daga baya.

"Masu hassada su matsa gaba su gani da kyau."

Ya yaye labule. Jitar ta yi fari-fari da hoda, tana naso, ga salatif baƙi ya yi mata gemu, wuya a karkace, warin maganin sauro na tashi. Maigidana ya saki jakarsa ta faɗi. Shugaban makaɗa ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malam, wayar ƙarfe ce wannan ka sa mata?"

"Mafi kauri, ranka ya daɗe."

"To ka sassauta su yanzu-yanzu. Dubi jakin, ya fara ɗagowa."

"Numfashi yake yi."

Maigidana ya tako a hankali. "Yaya, don Allah ajiye ta. Ajiye ta kawai, kada ka ƙara komai."

"Haba Direba, ka bari ka ji muryarta tukuna."

Ya rungume ta, ya kai yatsa zai danna waya, waya ta ƙi sauka. Ya danna da biyu, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta fito. Ya buga da ɗaya hannun. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, ƙarar faranti ce da ya faɗi a siminti. Karen maƙwabta ya amsa daga bayan katanga. Dariya ta ɓarke, wata mata har da zama a ƙasa.

"Ku dakata! Ba ta kai ba ne, saura ɗan ja kaɗan."

Ya zaro filaya daga aljihun rigar maigidana. Shugaban makaɗa ya tashi tsaye ya ja kujerarsa baya. Maigidana ya ce, "Yaya!" Ni ma na ce, "Yaya!" Mai aski kaɗai ya ce, "Ƙara mata!"

Ya kama kunnen babbar wayar ya murɗa.

Ƙarar da ta tashi sai da tantabarun kan rufi suka watse. Jakin ya ɓalle daga cikin jitar, ya tafi da faffaɗan ɓangaren katakon fuskarta, wayoyi shida suka yi bulala da shi sama. Ya daki Yaya a tsakiyar goshi, ya dawo yana lilo. Wuyan da ya sha wanka da rana da tukunyar gas ya tsage daga gindi ya langaɓe. Man girki da matattun kiyashi suka zubo a kan zanen gadona. Mai aski da ke zuga shi ne farkon wanda ya shige ƙarƙashin benci.

Yaya ya zauna daɓas a ƙasa, hoda ta rufe masa fuska, ƙulu na tasowa a goshi ana kallo. Ya daɗe yana ƙifta ido. Ni na ɗauka yau dai bakin zai mutu. Sai ya jawo wayoyin da ke reto, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, fuskarsa ta washe.

"Jama'a ku shaida! Ku duba da idonku. Ko ɗaya ba ta tsinke ba! Aikina lafiya lau yake. Katakon ne jabu. Direba, an cuce ka tun wajen saye, gara da na tona asirinta yau a gida, da a gaban manya za ta kunyata ka."

Nas ta ce, "Kawo goshin in duba, ko ƙwaƙwalwar ce ta zubo a kan zanen."

Shugaban makaɗa bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗar maigidana ya ce, "Ka yi haƙuri, malam. Akwai wani da zai zo da yamma da tasa jitar, kuma gobe muke fara aiki. Ba zan iya jira ba." Ya kaɗa kai ya fita. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da wanki. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na takaici, don na san yawan daren da bawan Allahn nan ya dawo a gajiye ya zauna yana koyo a hankali don kada ya tashi maƙwabta.

Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tattara ɓaraguzan katakon ya jera su a kan tebur. Ya karɓi filayar daga hannun Yaya, ya kwance wayoyin daga kunnuwa, ya warware salatif, ya miƙe su tsaf. Sannan ya shiga falo. Muka ji motsi. Can sai ga shi ya fito da bargon Yaya a naɗe, da buhun kayansa, da akwatin tarkacen da yake kira kayan aiki. Ya haɗa su wuri ɗaya, ya zagaye su da wayoyin nan, ya taka da ƙafa ya ja, ya murɗe bakin da filaya. Ya ɗauki ƙunshin ya kai bakin titi ya dire, ya dawo.

"Direba, mene ne haka?" in ji Yaya. "Auta, kina gani?"

"Ina gani, Yaya," na ce.

Maigidana ya miƙa masa filayarsa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Gaskiyarka ce, Yaya, wayoyinka suna da ƙarfi. Duk nisan inda za ka, ba za su tsinke ba. Rigar kuma ka cire ta kafin ka fita."